Malamai masu ba da jingar bidiyo, aikin wa kuke ba maki?

Assalamu alaikum.

Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka tsakura mini ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da malaman jami'o'i da kwalejoji, har da na sakandare, masu raba ɗalibai rukuni-rukuni su ce kowane rukuni ya haɗo gajeren bidiyo. Ni ba malami ba ne, ban kuma yi zurfi a boko ba. Tace hoto, wato yanka bidiyo da haɗa shi, ita ce sana'ata. Ina da ɗan shago a wajen titin Gidan Zoo a nan Kano, kwamfuta biyu da ƙaramin janareta. Na shiga harkar tun lokacin da ake buga fim a faifai a kai wa dillalai a Ƙofar Wambai. Da kasuwar faifai ta mutu sai na koma kan bidiyon biki da wa'azi da tallar 'yan kasuwa, da su nake riƙe iyali.

Idan zangon karatu ya doshi ƙarshe, mu a layinmu ba sai an faɗa mana ba. Ɗalibai ne za su fara sintiri, waya a hannu, ido ya yi zuru-zuru, tambayar kuma ba ta canzawa: "Oga, nawa za ka haɗa mana? Jibi za mu miƙa." A da 'yan sashen aikin jarida kaɗai muke gani, su kam ba abin mamaki ba ne, balle da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar a 2020 cewa ta raba kwas ɗin nan gida bakwai, har da wanda ya keɓanta ga fim. Yanzu abin ya wuce su. Masu karatun kiwon lafiya suna zuwa da bidiyon wayar da kai a kan rigakafi ko wanke hannu. Masu koyon malanta suna zuwa da darasin da suka koyar a gaban kyamara. 'Yan sashen Hausa suna zuwa da hirar maƙera da masaƙa da wanzamai. Har yaran makarantun kuɗi na sakandare direba yakan sauke su a ƙofar shago da yamma.

Ban zo in ce a daina ba. Yaron da ka tura cikin gari ya nemi dattijo, ya gaishe shi, ya yi masa tambaya, ya dawo ya tsara abin da ya ji cikin minti biyar, ya fi wanda ya kwafi shafi ashirin daga intanet ya kai aka buga masa ya miƙa. Kukana guda ɗaya ne. Malami yakan karɓi bidiyon da aka gama, ya kalla, ya raba maki ga sunaye takwas ko goma da suka hau a ƙarshe, bai san hannun da ya yi aikin ba. Sau da yawa kuwa hannun nan ba ɗan ajinsa ba ne, ɗan layinmu ne. Tamkar malamin ɗinki ne da ya karɓi rigar da aka ɗinko wurin tela a bakin kasuwa ya ce kai, yarinyar nan ta iya wuya.

Bari in ba ka labarin wani rukuni, don kada a ce zance nake yi a iska. Sunaye takwas ne a takardarsu, mutum uku suka zo: wata yarinya da littafi a hannu, ita ce shugaba, wani saurayi mai babbar waya, sai na ukun, wanda na fahimci shi ne ma'aji, kuɗin karo-karo na aljihunsa. An ce su yi bidiyon minti biyar a kan wata sana'ar gargajiya, suka zaɓi marinar Ƙofar Mata. Zaɓi mai kyau. Wuri ne da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ga ramuka, ga baba da toka, ga tufafi a shanye, duk inda ka juya kyamara hoto ne.

Da muka zuba abin da suka ɗauko a kwamfuta sai na ga aiki. Da waya uku suka yi ɗaukar, biyu a kwance, ɗaya a tsaye kamar mai shirin ɗorawa a TikTok. Mai babbar wayar ya saita ta a kan 4K, wato ɗauka mai tsananin inganci da nauyi, wanda a wayoyi da yawa minti ɗaya yakan ci megabait ɗari uku ko fiye, kafin a zo hirar da ta fi muhimmanci wayar ta cika. Sannan kowa ya tura nasa cikin zaurensu na WhatsApp, shi kuwa WhatsApp matse bidiyo yake yi don ya rage nauyi. Shuɗin nan na baba mai ɗaukar ido ya koma dabbare-dabbare, fuskar dattijon da suka yi hira da shi ta yi dishi-dishi. Na ce su kawo na asali. Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce ya goge don ya samu wuri, ai tunda ya tura. Da wani ya taɓa faɗa musu cewa a tura bidiyo ta hanyar da ake tura takarda, ko su haɗu su yi amfani da Xender ko kebul, da ba a yi wannan asara ba. Magana ce ta minti ɗaya a cikin aji.

Hoton ma da sauƙi. Sautin ne ya kashe aikin. Sun zaunar da dattijon a inda hoto zai yi kyau, su kuma suka ja baya taku biyar don ramukan su fito. Ga mabuga a kusa ana ta dukan shadda, ga hon ɗin adaidaita sahu daga titi, ga iska tana bugun makirfon wayar. Bakin mutum yana motsi, ba ka jin ko kalma uku a jere. Suka ce in gyara da kwamfuta. Wannan ce tambayar da ta fi ba ni dariya a sana'ar nan, don mutane sun ɗauka akwai wani maɓalli da ake dannawa. Ana iya rage ƙara, amma muryar da ba ta shiga ba babu mai fito da ita. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya sani, mai kallo yakan haƙura da hoto mara kyau, amma idan bai ji abin da ake faɗa ba tashi yake yi.

Na ce su koma. Na nuna musu dabarar da ba ta cin ko kwabo: a buɗe na'urar ɗaukar murya a waya ta biyu, a roƙi dattijon a sa ta a aljihun gaban rigarsa, bakin makirfon yana sama, a fara ɗauka a duka biyun, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin shi ne alamar da za a daidaita murya da hoto a wurin tacewa. Na ce su je da safe kafin masu bugu su kankama, su saita wayoyin duka a kwance a kan 1080, wanda bai kai 4K nauyi ba, su jingina wayar da wani abu maimakon riƙo a hannu, kuma bayan hira su ɗauki hannuwan marinin kusa-kusa, da rigar da ake tsamowa daga rami, da kumfar da ke saman ruwan, kowanne daƙiƙa goma ba motsi. Ma'ajin ya ɓata rai, don kuɗin mota ya ƙaru. Suka koma dai.

Ni ƙa'idata ga ɗalibai ita ce, ba na karɓar aikin makaranta in haɗa su dawo su karɓa. Kuɗin zama a kan kwamfuta da na man janareta suke biya, su zauna a kujera, ni in tsaya a baya. Wasu da sun ji haka sai su ce za su je su dawo, in hango su suna shiga shagon gaba. Waɗannan ukun sun zauna, wataƙila don kuɗinsu bai kai na shagon gaba ba. Yarinyar ce ta fara hawa kujerar. Ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta a kan manhajar tace hoto ba, hannunta har rawa yake, amma kafin azahar ta gane yanka da ja da mannawa. Wannan ɓangaren ba shi da wuya, yaro ɗan firamare ma zai iya.

Mai wuyar ta zo ne a kan amsar dattijon. Sun riga sun rubuta gabatarwarsu tun kafin su je marina, cewa sana'ar rini tana mutuwa saboda matasan yanzu ba sa son wahala. Aka yi sa'a kuwa, da suka tambaye shi sai ya fara da wannan maganar, ya ce yaran yanzu ba sa jure zaman bakin rami. Saurayin ya ce yauwa, a yanke a nan, ya yi daidai da abin da muka rubuta. Yarinyar ta bar hoton ya ci gaba da tafiya. Dattijon ya ɗan yi shiru, ya gyara hula, sannan ya ce shi kansa bai hana 'ya'yansa neman wata sana'ar ba, domin yadin kanti da rinin galura sun cinye kasuwa, mutum zai jira makonni ruwan baba ya nuna, ya wuni yana tsomawa yana tsamowa, a ƙarshe mai saye ya taya abin da bai kai kuɗin kayan haɗi ba. Ya nuna musu ramukan da suka bushe da hannunsa.

Nan fa gardama ta tashi. Saurayin ya ce minti biyar aka ba su, amsar ta yi tsawo, kuma ai bakinsa ne ya faɗi ta farkon, ba ƙarya suka yi masa ba. Yarinyar ta ce idan aka yanke a nan an mayar da shi mai zagin yara, alhali uzuri yake ba su. Ma'ajin, wanda tun safe bai ce uffan ba sai a kan kuɗi, ya ce to idan an bar amsar duka, gabatarwar tasu ta zama ƙarya ke nan. Aka yi shiru. Ni dai ban sa baki ba, ina ta duba man janareta. Daga ƙarshe suka yaga gabatarwar, suka sake rubuta wata, suka cire wani dogon hoton ƙofar marina da saurayin yake ji da shi, don amsar dattijon ta samu wuri. Inda aka rage maganarsa, suka rufe yankan da hoton hannuwansa masu shuɗi, ba tare da sun canza abin da yake nufi ba.

Malam Edita, wannan gardamar ita ce karatun. A nan ne ɗalibi yake gane cewa almakashin da ke hannunsa zai iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba, kuma kullum ana yin haka a bidiyoyin da ke yawo a wayoyinmu, a yanko rabin maganar malami ko ɗan siyasa a watsa, gari ya ɗauka. Wanda ya taɓa zama ya yi yankan da hannunsa ba a saurin ruɗarsa da irin wannan. To mutum uku ne suka samu wannan darasi. Sauran biyar ɗin sun samu maki daidai da nasu, kuma na tabbata har yau a cikinsu akwai wanda bai san ta ina ake shiga marinar ba.

Su biyar ɗin nan ba duka ne malalata ba, kada a yi musu kuɗin goro. Akwai dai ɗan "na biya kuɗina", wanda da ya tura dubu biyunsa ya gama, sai ranar miƙawa ya kira ya tabbatar an rubuta sunansa daidai. Amma akwai wanda wayarsa ƙarama ce, allon ya tsage, yana jin kunyar fito da ita a gaban mai babbar waya, sai ya ja baya. Akwai wanda yake tsaron shago ko tuƙa adaidaita bayan lacca. Sannan akwai mata, kuma a kansu nake so in ɗan tsaya. A yawancin rukunonin da nake gani, mace aikinta ɗaya: ta tsaya gaban kyamara ta karanta gabatarwa, maza su riƙe waya da kwamfuta. Wadda gidansu ba su yarda fuskarta ta fito a bidiyo ba, ko matar aure da mijinta bai amince ba, sai a ce ta kawo kuɗi kawai. Ita kuma tacewa da daddare ake yinta, a ɗakin wani saurayi ko a shago irin nawa, lokacin da babu uban da zai bar 'yarsa a waje. Abin haushin shi ne, a duk ayyukan fim babu wanda ya dace da mai zaman gida kamar tace hoto. Ba a ganin fuskarki, ba kya yawon lokeshin, daga ɗakinki za ki karɓi aiki ki mayar. Masu sayar da kaya a Instagram da masu girke-girke a YouTube kullum neman mai haɗa musu bidiyo suke, da yawansu mata ne da suka fi son mace ta yi musu. Amma a aji an bar wa maza kujerar.

Sai batun kuɗi, wanda nake ganin wasu malaman ba sa lissafa shi. Gaskiya ne manhajojin tace hoto irin su CapCut da InShot da KineMaster ana sauke su kyauta, har DaVinci Resolve da ƙwararru ke aiki da ita tana da ta kyauta ga mai kwamfuta mai ƙarfi. Amma data ba kyauta ba ce, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin mota da na man janareta kowa ya san inda suka kai tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Wayar da ke tace bidiyo cajinta zuba yake yi, ta yi zafi, ta tsaya ana tsakar fitar da aiki. Idan malami ya ce minti goma sha biyar yake so, kuma a ɗora a intanet a turo masa, to ya sani yaran masu hali ya ba jinga, sauran rakiya suka yi. Makarantu da yawa suna da ɗakin kwamfuta. Ɗalibai sukan ce mini a kulle yake, ko sai an rubuta takarda, ko an tashi ƙarfe huɗu. A makonnin jingar nan dai ya kamata a buɗe shi da rana, a kunna wuta, mata su samu su zauna.

Akwai wani abin da ya fi waɗannan duka tayar mini da hankali, shi ne ɗaukar mutane ba da izininsu ba. Na ga bidiyon ɗalibai a kan bara, an haska fuskokin almajirai ƙanana ɗaya bayan ɗaya suna cin abinci a bakin kwata, an ɗora waƙa mai ban tausayi a ƙasa. Na ga na wasu da suka shiga wani asibiti suka ɗauki mata a layin awo, wata tana ta jan mayafi tana rufe fuska, kyamara na binta. Na ce a cire, aka ce ai wurin ne ya fi taɓa zuciya. Da a tebur ɗin malami abin yake tsayawa da sauƙi, amma ba ya tsayawa. Ranar da aka miƙa, a daren za ka gan shi a TikTok da Facebook, don kowa yana so a ga ƙoƙarinsa. Mu masu sana'ar nan a Kano mun saba da cewa akwai mai duba abin da muka fitar, hukumar tace fina-finai ta jiha tana nan tun 2001. Ɗalibi kuwa daga wayarsa sai duniya, babu kowa a tsakani in ba malaminsa ba. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, wadda ta ce abin da ya shafi yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Ko babu doka ma, wa zai so a haska matarsa a layin asibiti? Abu ne mai sauƙi: kafin hira, a kunna kyamara a faɗa wa mutum ko su wane ne, me za a yi da hoton, za a ɗora a intanet ko ba za a ɗora ba, ya amsa da bakinsa. Malami ya ce sai ya ga wannan guntun kafin ya kalli sauran. Haka waƙoƙin mawaƙanmu da ake zarowa a liƙa a ƙarƙashin kowane bidiyo, su ma da masu su.

To me nake roƙo? Babban abin shi ne malami ya daina tsayawa a kan bidiyon da aka gama. Ranar miƙawa rukuni su zo da ɗanyen hoton da suka ɗauko da kuma aikin a buɗe a cikin manhajar da suka yi shi, a waya ko a kwamfuta. Malami ya duba jerin sunaye ya kira wanda ya ga dama, ba wanda rukuni suka turo gaba ba, ya ce masa: cire wannan fitowar ka mayar da ita farko, rage ƙarar waƙar nan, me ya sa kuka yanke maganar mutumin nan a nan, me ya faɗa bayan haka? Cikin minti biyu za a san wanda ya zauna a kujera da wanda ya tura dubu biyu. Idan a shago aka haɗa, ba za su ma iya buɗe aikin ba, don yana cikin kwamfutar mai shagon. Ranar da ɗalibai suka san haka za a yi, su da kansu za su tilasta wa juna zama.

Na san abin da malami zai ce, ɗalibai ɗari biyu gare shi a aji ɗaya, ina lokaci? To mu yi lissafi. A raba su huɗu-huɗu, rukuni hamsin ke nan. Kowane bidiyo minti uku, tambaya minti biyu, minti ɗari biyu da hamsin, awa huɗu da 'yan mintuna. Ban yi tsammanin duba takardun mutum ɗari biyu yana ƙarewa a awa huɗu ba. Mutum huɗu kuwa babu inda wani zai ɓuya, ba kamar goma ba. Minti uku kuma ya fi goma sha biyar koyarwa, don sai wuri ya yi ƙaranci ake sanin abin da ya cancanci a bari. Yaran Ƙofar Mata ba su yi gardama ba sai da lokaci ya matse su.

Ina kuma roƙon a daina ba da maki ga walƙiya. Manhajojin nan cike suke da shiryayyun ƙirare, ka zuba hotuna su yi ta juyi suna tsalle daidai da kiɗa, rubutu yana faɗowa daga sama. Babu tunanin ɗalibi ko kaɗan a ciki, amma shi ne yake burge aji, na kuma ji ɗalibai suna cewa wane rukuni sun ci maki saboda nasu "ya yi kamar na talabijin". Malami ya rufe ido ya saurara: yana jin abin da ake faɗa? Ya buɗe ya duba: labarin yana tafiya daga wani wuri zuwa wani? Rubutun da ke ƙasan hoto daidai yake? Wannan na ƙarshen 'yan sashen Hausa su kula da shi musamman, domin yawancin salon rubutun da ke cikin manhajojin nan ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. A gwada salon rubutu tun kafin a yi nisa, a zaɓi wanda ya karɓe su.

Abokan sana'ata kuwa ba zan ce musu komai mai zafi ba. Kuɗin haya yana jiran kowa, kuma lokacin jingar ɗalibai kaka ce a layinmu. Wanda ya karɓa ya haɗa musu bai saci na kowa ba, aikin da aka kawo masa ya yi. Gyaran daga aji zai fito. Idan malamai suka fara tambayar da na ce, ɗaliban ba za su daina zuwa wurinmu ba, sai dai su zo neman a koya musu maimakon a yi musu, mu kuma mu karɓi kuɗin koyarwa. Ban ga wanda ya yi asara a nan ba.

Daga nan nake so shugabannin sassa su duba wani abu. A Kano kaɗai akwai masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti da masu tacewa da suka shekara ashirin suna wannan aiki, da yawansu ba su da takardar da za ta sa a ɗauke su koyarwa, amma abin da ɗalibanku suke tuntuɓe a kansa su a barci ma za su yi shi. Haka a Kaduna da Jos. Malamin kiwon lafiya ko na Hausa ba laifinsa ba ne idan bai san inda ake ajiye makirfo ba, ba fanninsa ba ne. A gayyaci ɗaya daga cikinmu kafin a ba da jingar, ba bayan an lalata ɗauka ba. Awa biyu sun isa a nuna riƙon waya, da dabarar waya ta biyu a aljihu, da yadda ake tura hoto bai lalace ba, da neman izini, sannan kowane ɗalibi, mace da namiji, ya yanka hira ta minti ɗaya da hannunsa a gaban kowa. Ni dai a shirye nake, na kuma san wasu a layinmu da za su zo. Wanda yake so ya nemi ni ta hannun Edita. Safiyar Asabar ta fi mana sauƙi, kafin a fara kawo aikin biki. Kowane ɗalibi ya zo da wayarsa cike da caji, da iyafis, ya kuma share mata wuri tun daga gida.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Daga wani mai tace hoto,
Titin Gidan Zoo, Kano.